Baƙin Da Suke Zuwa Kyuba Neman Sani

Tsakanin tsibirin Kyuba da ƙasar Amurka mil 90 ne kawai na teku. Amma a shekara ta 1963 gwamnatin Amurka ta hana mutanenta zuwa can, saboda gabar da ke tsakaninta da Fidel Castro, wanda ya kama mulki a 1959. An ɗage hanin a 1977, aka mai da shi a 1982.

A 1999 Shugaba Clinton ya yarda mutane su tafi a ƙungiya, amma da sharaɗi. Ba yawon shan iska za su ba, tilas su yini suna koyo, suna cuɗanya da mutanen ƙasa. An soke wannan izini a 2003, aka mai da shi a 2011, aka sāke soke shi a 2019, aka kuma mayar a 2022.

To, me irin waɗannan baƙi suke gani?

A Havana, babban birnin ƙasar, akwai gidan tarihi na yaƙi da jahilci. A 1961 yara 'yan makaranta wajen 100,000 suka bar gidajensu suka bazu ƙauyuka da fitila da littafi. Kafin shekara ta ƙare mutum wajen 700,000 sun iya karatu. Wanda ya tuna da namu Yaƙi da Jahilci a Arewa ya san wannan ba ƙaramin aiki ba ne.

A garin Matanzas kuwa akwai jikokin bayin da aka kwasa daga Afirka don noman rake, da yawansu daga ƙasar Yarbawa. Sai a 1886 aka hana bauta a tsibirin. A garin nan ne kuma makarantar horar da fastoci take, wadda aka kafa a 1946.

Amma babban darasi yana wurin Ikkilisiya. A 1969 gwamnati ta soke hutun Kirsimati, ba a mai da shi ba sai 1997, gab da zuwan Paparoma a Janairu 1998. Shekaru da yawa mai zuwa sujada a fili yakan rasa ƙarin girma a wurin aiki, ko a hana shi wani karatu a jami'a. Waɗansu suka ja da baya. Waɗansu iyaye kuwa, musamman tsofaffin mata, suka ci gaba da koya wa yara addu'a a gida. Da aka sassauta doka a 1992, sai masu bi suka yi ta ƙaruwa, har gidajen mutane suka zama wuraren sujada.

Baƙo yakan je da sabulu da magani a jaka, yana tsammani shi ne mai bayarwa, ya komo yana jin kunyar ƙarancin bangaskiyarsa.

Ya ku iyaye, da za a hana mu Kirsimati shekara 28, me 'ya'yanmu za su tarar a gida? Mu riƙa tunawa da 'yan'uwanmu na Kyuba cikin addu'a.