Fitilar Injin Ta Mutu, Amma Laifin Na Nan a Rubuce

Duk mai tsohuwar mota ya san 'yar fitilar nan ruwan ɗorawa mai siffar injin da ke kan dashbod. Yau ta kama a hanyar kasuwa, jibi ta ɗauke, mako ya zagayo ta sake leƙowa. Ranar da ka samu sukunin zuwa gareji kuwa, ranar ce za ta yi luf kamar ba ita ba. Bakanike ya tayar da mota, ya kasa kunne, ya taka totur sau biyu, ya ce, "Alhaji, ai motar nan lafiyarta ƙalau." Idan ka matsa masa, sai ya cire kan batir ya mayar, ya karɓi na goro. To a galibin tsofaffin motoci, wannan cire kan batir ɗin shi ne ke share shaidar da za ta kai mutum ga matsalar.

Asalin fitilar dai dokar hayaƙi ce. Jihar Kalifoniya ta Amurka, wadda hayaƙin motoci ya daɗe yana addabar birninta na Los Anjales, ita ta fara tilasta wa kamfanoni su sa mota ta riƙa sa wa kanta ido. Daga 1996 duk ƙaramar motar da za a sayar a Amurka sai tana da tsarin OBD-II, Turai kuma ta bi sahu a 2001 ga masu shan fetur. Shi ya sa yawancin motocin da ke shigo mana ta Kwatano da Legas ke da soket mai ƙofa 16 a ƙarƙashin sitiyari, inda ake jona na'urar bincike.

Kamawa da mutuwar fitilar ba sha-ka-tafi ba ne, akwai ƙa'ida. Laifuffuka da yawa sai kwamfutar motar, wato birenbos a bakin 'yan gareji, ta gan su a tafiya biyu a jere kafin ta kunna fitila. Idan kuma aka yi tafiya uku a jere gwajin yana fitowa lafiya, sai ta kashe ta da kanta. Amma ba ta mantawa. Lambar laifin tana zaune a cikinta har sai injin ya yi zafi ya huce sau 40 ba tare da abin ya dawo ba. Abin da ya fi lambar daraja ma shi ne bayanin da take adanawa na daidai lokacin da laifin ya auku: gudun mota, juyin injin, zafin ruwa, nauyin da injin ke ja, da yawan man da take ƙarawa ko ragewa. Saboda haka ko fitila ta mutu, a kai motar a karanta. 'Yar na'urar ELM327 da ake haɗawa da wayar hannu ma tana iya wannan aikin.

Inda aka fi tafka asara shi ne bayan an karanta. Lamba ba ta cewa a sayi kaza, wurin da kwamfuta ta ga abu ya kauce kawai take nunawa. Ɗauki P0171, wadda tsofaffin Toyota da Honda suka saba fitarwa. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan mai kashi 1 bisa nauyi, lambar nan kuwa cewa take iska ta yi wa mai yawa. Wanda ya kawo rahoton shi ne sensan iskar oksijin da ke jikin salansa, don haka sai ka ga an yi wuf an canja shi, alhali gaskiya ya faɗa. Mai laifin yana iya zama tiyon da ya tsage yana zuƙar iska ta bayan fage, ko ƙurar hunturu da ta lulluɓe sensan auna iska, ko famfon mai da ya gaji, ko nozul da ya toshe. A nan bayanin da aka adana ke raba gardama. Idan laifin ya faru mota na tsaye tana silo, kuma ƙarin man yana raguwa da zarar an taka totur, a nemi inda iska ke shiga. Idan kuwa sai ana gudu ko ana hawan tudu da kaya yake bayyana, a auna ƙarfin famfon mai, a duba sensan iska. Lamba ɗaya ce, amma gyara biyu ne da ba su haɗa hanya ba.

Abin da ke sa laifi ya riƙa zuwa yana tafiya bai wuce zafi, girgiza, laima da mai ba. Kwayil mai tsagewa a ciki yana aiki sumul da safe, sai rana ta take a cunkoson motoci ya fara fashin wuta. Gwajinsa ba ya cin ko sisi: idan na'ura ta nuna P0302, wato silinda ta biyu ce ke fashi, a musanya kwayil ɗinta da na ta uku. Lambar ta koma P0303, kwayil ne; ta tsaya a inda take, a duba fulogi da nozul. Wayar da robarta ta bushe ko soket ɗin da ya yi tsatsa kuwa, rami ɗaya a titi ya isa ya tayar da su, shi ya sa gwanin mai wayarin zai bar injin yana aiki ya riƙa motsa wayoyin ɗaya bayan ɗaya yana kallon na'ura. Da damina, ko bayan an wanke injin da ruwa mai ƙarfi, ramukan fulogi kan tara ruwa.

Akwai kuma abin da muke jawo wa kanmu. An mayar da cire tamostat al'ada, wai ƙasarmu da zafi. Sai sanyin Disamba da Janairu ya shigo, injin ya kasa kai zafin da ake bukata da safe, P0128 ta fito, bazara ta zo ta ɓace. A tsakani motar tana shan mai fiye da ƙima. Murfin tankin da robarsa ta mutu shi ma yana kunna fitila, musamman a motocin Amurka, kuma da yake kwamfuta ba ta yin wannan gwajin sai tanki bai cika maƙil ba bai kuma ƙafe ba, sai abin ya zama kamar wasan ɓuya. Shi kuwa gurɓataccen mai, waɗanda suka sha fetur mai yawan sinadarin metanol da ya shigo Najeriya a farkon 2022 ba sa bukatar bayani. Yana da kyau direba ya riƙa lura: bayan shan mai a ina ta kama, da sanyi ko da zafi, a tsaye ko a guje? Bakanike nagari zai tambaya.

Fitila mai kamawa ta tsaya cak tana ba da lokaci. Mai ƙyaftawa ba ta bayarwa. Ma'anarta silinda tana fashi sosai, ɗanyen mai yana gangarawa cikin matatar hayaƙi, wadda ake kira indomi, yana ƙonewa a can har ya narkar da ita. A sassauta ƙafa, a nemi wurin tsayawa. Masu fasa matatar su zubar kuma, sun sayi P0420 ta dindindin, fitila ba za ta ƙara mutuwa ba, kuma duk sabon laifin da ya taso zai ɓuya a bayanta.

Ga mai shirin sayen mota, ya murɗa makulli ba tare da ya tayar ba. Dole fitilar ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan injin ya tashi. Idan ba ta kama ba sam, ƙwan ya ƙone ko an cire shi. Ya kuma sa a jona na'ura: motar da aka goge mata lambobi da safiyar ranar za ta nuna cewa yawancin gwaje-gwajenta ba su kammala ba tukuna, kuma ba sa kammaluwa sai an yi 'yan kwanaki ana hawanta a gari da babbar hanya.