Shirin Kai Iyali Yawon Buɗe Ido Gandun Dajin Gashaka-Gumti

Gabatarwa

Bahaushe mutum ne mai son tafiya tun asali, amma yawancin tafiye-tafiyensa na fatauci ne ko neman ilimi ko sada zumunta. Magidanci ya ɗauki iyalinsa takanas domin su je su ga daji da duwatsu abu ne da bai daɗe da shigowa ba, kuma ko a yau in an ambaci irin wannan tafiya, Yankari ce ke fara faɗo wa mutane a rai. Wannan maƙala za ta yi bayani ne a kan gandun dajin Gashaka-Gumti, da tarihinsa a taƙaice, da kuma abubuwan da ya wajaba maigida ya tanada kafin ya kai iyalinsa can.

Wurin da Tarihinsa

Gandun yana kan iyakar Nijeriya da Kamaru, ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, don haka shi ne mafi girma a cikin gandayen dajin Gwamnatin Tarayya. An fara keɓe yankin domin kare namun daji a shekarar 1972, sannan a 1991 aka haɗe sassansa aka mayar da shi gandun daji na ƙasa. Hedikwatarsa tana garin Serti, inda kuma fadar Lamɗo Gashaka take.

Gandun ya kasu gida biyu. Ɓangaren Gumti, wanda ke arewa ta wajen Toungo, fili ne mai ciyawa da itatuwa jefi-jefi. Ɓangaren Gashaka kuwa, da ke kudu, ƙasa ce ta tsaunuka da kwazazzabai da kurmi. A nan ne dutsen Chappal Waddi yake, wanda ake kuma kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419 ne, babu dutsen da ya kai shi a duk faɗin Nijeriya. Daga waɗannan tsaunuka ne koguna irin su Mayo Kam suke ɓuɓɓugowa su faɗa Kogin Taraba, shi kuma ya shiga Binuwai. Ke nan lafiyar wannan daji ta shafi manoma da masunta da ke nesa da shi ƙwarai.

Ta fuskar tarihi, yankin yana cikin ƙasashen da Fulanin Adamawa suka kafa mulki a ƙarni na 19. Daga baya ya faɗa hannun Jamusawa a matsayin wani sashe na Kamaru, kuma har yanzu akwai kufan sansaninsu a kan wani tudu kusa da ƙauyen Gashaka. Bayan Yaƙin Duniya na Farko Ingila ta karɓi riƙon yankin. A ƙuri'ar raba gardama ta 1961 mutanen wurin suka zaɓi zama a Nijeriya, aka sanya wa lardin sunan Sardauna. Yaron da ya karanta wannan a aji, in ya taka wurin da ƙafarsa, ba zai ƙara mantawa ba, domin gani ya kori ji.

Abin da Za a Gani

Dabbar da ta fi jawo wa gandun suna ita ce birin nan da mutanen yankin ke kira biri mai ganga, saboda yadda yake dukan saiwoyin manyan itatuwa ana jin amonsu daga nesa. Irin wanda ke nan ba a samunsa sai a Nijeriya da Kamaru, kuma tun shekarar 2000 masana suka kafa aikin nazarin birai a dajin Kwano. Akwai kuma gwaggon biri da ɓauna da gwambaza da mazo da gada, ga dorina da kada a cikin koguna, ga tsuntsaye iri-iri masu ɗimbin yawa.

Sai dai ya kamata a shaida wa yara tun daga gida cewa daji ba gidan zu ba ne. Dabbobin suna da faɗin wurin ɓuya, kuma biri mai ganga yana gudun mutane. Ana iya kwana uku ba a gan shi ba, sai dai a ji kukansa ko a ga shimfiɗar ganyen da ya kwana a kai a saman itace. Wanda ya tafi da wannan sani ba zai dawo yana cizon yatsa ba.

Zaɓen Lokaci

Kuskure mafi girma shi ne a ɗaura tafiyar a kan dogon hutun makaranta na watan Agusta. Lokacin nan tsakiyar damina ne, kuma ruwan wannan yanki ya fi na ƙasar Hausa yawa da daɗewa, yakan fara tun Afrilu ya kai Oktoba ko ma ya zarce. Koguna sukan cika, hanyoyin cikin gandun su yanke. Lokacin da ya fi dacewa shi ne daga Disamba zuwa Maris, sa'ad da ruwa ya janye, ciyawa ta ragu, dabbobi kuma suke taruwa a bakin ruwa. Saboda haka hutun ƙarshen shekara shi ne ya fi kyau ga mai 'yan makaranta.

Hanya da Guzuri

Mai tasowa daga Kano ya lissafa kwana biyu a hanya. Akan bi ta Gombe zuwa Numan, a kwana a Jalingo, washegari da sassafe a kama hanyar Bali zuwa Serti. Kada a yi tafiyar dare. Daga Serti zuwa cikin gandun hanya ba ta da kwalta, tana buƙatar mota mai ƙarfi da tsayi, da tayar safaya mai kyau, da isasshen mai.

Kafin a ɗaga daga gida, wajibi ne a tuntuɓi hukumar gandun domin a san halin masauki, da kuɗin shiga, da halin tsaro a wannan lokaci. Wannan batu na tsaro ba abin wasa ba ne, domin daji ne mai faɗi a bakin iyaka, kuma ma'aikatansa sun sha arangama da mafarauta da masu saran itace. Ba a shiga sai da rakiyar jami'in gandun, kuma duk inda ya ce kada a je, to a bar shi.

A cikin guzuri a sa gidan sauro, da maganin zazzaɓin cizon sauro, da magungunan da wani daga cikin iyali ya saba sha, da tocila, da tsabar kuɗi a hannu. Uwargida ta tanadi abinci mai jure hanya, kamar garin kwaki da ƙuli-ƙuli da kilishi da dabino, da ruwan sha mai tsabta. Tufafi su zama masu dogon hannu saboda ƙudan tsando, takalma kuma rufaffu. A haɗa da rigunan sanyi da barguna, domin dare a kan tudu yana da sanyi sosai.

Wa Zai Hau Dutse?

Hawan Chappal Waddi tafiyar ƙasa ce ta kwanaki, da ɗan jagora da masu ɗaukar kaya da kwana a tanti. Ya dace da samari da manya masu ƙoshin lafiya, amma bai dace da ƙananan yara ko tsofaffi ko mai juna biyu ba. Waɗannan sai su tsaya a kewayen ƙauyen Gashaka, su ga kufan Jamusawa da bakin kogi, a kuma hana yara shiga ruwa sai inda jami'i ya amince. In ana son a ɗanɗana sanyin tsauni ba tare da wahala ba, daga Serti hanya ta miƙe zuwa tudun Mambila, inda garin Gembu da gonakin shayi na Kakara suke.

Ladubban Baƙo

A cikin gandun akwai ƙauyukan da doka ta bar wa manoma da Fulani makiyaya. Baƙo ya yi sallama, ya gaida mai gari, kada ya ɗauki hoton kowa sai da izini. Ba a farauta, ba a cinna wa daji wuta, ba a ba birai abinci, ba a kuma zubar da leda. Haka nan kada a sayi naman daji a bakin hanya, domin mai saye shi ne ke ƙarfafa wa mafarauci gwiwa.

Kammalawa

Tafiya Gashaka-Gumti tana cin kuɗi da lokaci, kuma tana neman shiri na watanni. Amma iyalin da suka zaɓi rani, suka nemi shawarar hukuma, suka auna ƙarfin kowa kafin a tashi, za su komo da sanin ƙasarsu irin wanda ba a samu a littafi kaɗai. Da ma an ce tafiya mabuɗin ilimi.