Yadda Ruwan Zafi Ya Tace Ma'adini a Ƙarƙashin Ƙasa

A ƙarƙashin rairayin Kalahari, kusa da garin Hotazel a Afirka ta Kudu, akwai taskar manganis wadda babu kamarta a doron ƙasa. Shi manganis, da shi ake gauraya baƙin ƙarfe don ya yi ƙwari.

Asalin taskar nan laka ce, ta tama da ta manganis, wadda ta kwanta hawa-hawa a gindin teku, yau shekara fiye da miliyan 2,000. Daga bisani ƙasa ta tsattsage, ruwa mai tsananin zafi ya bi tsagogin, ya narkar da farar ƙasar da ke cikin dutsen, ya tafi da ita, kamar yadda iska ke raba tsaba da ƙaiƙayi.

Saboda haka a mahaƙar Mamatwan, inda ruwan bai ratsa ba, manganis bai cika kashi 40 cikin 100 ba. A Wessels kuwa, inda ya ratsa, yakan haura 45. Amma daf da bakin tsaga ruwan ya kwashe har manganis ɗin, ya bar tama. Mahaƙin da bai san hanyar da ruwan ya bi ba, asarar dukiya da wahala zai yi.