Fayyace Matsalar Bincike da Muhallinta a Maƙalun Ilimi: Misali daga Hausar Maiduguri

1.0 Gabatarwa

Sau da yawa abin da kan sa masu tace maƙalu su mayar wa marubuci aikinsa ba ƙarancin bayanai ba ne, rashin fayyace matsalar da aka tasa gaba ne. Wannan maƙala za ta yi ƙoƙarin nuna yadda ake fitar da matsalar bincike, a kuma dasa ta cikin muhallinta, tare da kafa misali da Hausar garin Maiduguri.

2.0 Batu da Matsala

Wajibi ne a rarrabe tsakanin batu da matsala. "Hausa a Maiduguri" batu ne kawai, domin bai ƙunshi wata tambaya ba. Matsala tana samuwa ne inda sanin da ake da shi ya tsaya, ko inda hujjoji biyu suka ci karo. Alal misali, an san masu jin Hausa a matsayin harshe na biyu kan yi watsi da bambancin jinsi, su riƙa amfani da dirkar "ne" a gurbin "ce", su kuma furta ɓ, ɗ da ƙ tamkar b, d da k. To, shin yaran da aka haifa a unguwar Hausari, waɗanda Hausa ce harshensu na farko, su ma sun ɗauki waɗannan siffofi? Wannan ita ce matsala, domin ana iya amsa ta da hujja, kuma amsar za ta nuna ko wani sabon karin harshe ne ke tasowa.

3.0 Muhallin Bincike

Muhalli iri biyu ne. Na farko shi ne na tarihi da zamantakewa. A nan marubuci zai zaɓi abubuwan da suka shafi tambayarsa kaɗai: komawar Shehu Abubakar Garbai Yerwa a 1907, isowar jirgin ƙasa a 1964, zaman garin hedikwatar Jihar Arewa Maso Gabas a 1967, da kwararowar 'yan gudun hijira sakamakon rikicin da ya ɓarke a 2009. Kowannensu ya haɗa masu harsuna daban-daban wuri guda. Jero sarakunan Saifawa kuwa, ko da yake tarihi ne ingantacce, ba ya ƙara wa wannan tambaya komai.

Na biyu shi ne muhallin ilimi, wato ayyukan magabata. Greenberg (1960) ya nuna tasirin Barebari a kan Hausa ta hanyar kalmomi irin su "karatu", "rubutu" da "kasuwa". Wannan tasiri ya taso ne daga Borno zuwa ƙasar Hausa, alhali a Maiduguri Hausa ce ta shigo gidan Barebari. Ke nan ambaton Greenberg zai yi amfani ne idan an nuna wannan juyi.

4.0 Tsarin Shimfiɗa

Swales (1990) ya lura cewa gabatarwar maƙalun ilimi kan bi matakai uku: kafa fagen nazari, nuna giɓin da ke cikinsa, sannan bayyana yadda za a cike shi. Mataki na biyu ne ya fi bai wa manazartanmu wahala. Furucin "ba a taɓa yin aiki a kan wannan ba" yana da hatsari, musamman a Borno, inda haɗin gwiwar Jami'ar Maiduguri da ta Frankfurt (1988–2002) ya haifar da rubuce-rubuce masu yawa. Ko da giɓin gaskiya ne, sai an faɗi abin da za a ƙaru da shi in an cike shi.

Haka kuma dole a iyakance farfajiya: wace unguwa, masu waɗanne shekaru, kuma a gida ko a kasuwa?

5.0 Kammalawa

An ga cewa matsala tambaya ce mai amsuwa, muhalli kuwa hujja ce ta cancantar yin ta. Kafin aika maƙala, ya kyautu marubuci ya gwada rubuta matsalarsa cikin jimla guda. Idan ta ƙi rubutuwa, to da sauran aiki a gabansa.