Matsalar mai a sabon babur

Matsalar mai a sabon babur ita ce gazawar hanyar da fetur ke bi daga tanki, ta tiyo da filta, zuwa inji. A babura irin su Bajaj Boxer kafireto ne ke haɗa fetur da iska. Wasu na zamani kuma famfon mai da injekta suke amfani da su. Babur ya ƙi tashi, ko ya riƙa mutuwa a kan hanya, ko ya yi yoyon mai, duk alamominta ne.

Garanti

Garanti yakan ɗauki nauyin aibin da ya taso daga masana'anta, kamar famfon da ya mutu cikin 'yan makonni. Galibi ba ya shafar ɓarnar gurɓataccen mai, kuma a nan ne gardama take tsakanin dila da mai saye, domin alamomin iri ɗaya ne. A farkon shekarar 2022 an shigo Najeriya da fetur mai yawan sinadarin methanol, masu ababen hawa suka koka da lalacewar injuna. Dila kan iya ƙin gyara idan bakaniken waje ya riga ya kwance kafireton, ko babu rasit. Hukumar FCCPC ce ke karɓar ƙorafin masu saye a Najeriya.