Kafin a Sayi Eriya: Yadda Maigida Zai Gane Ko Telebijin Zai Kama a Gidansa

Tun daga shekarar 1959, lokacin da aka buɗe tashar telebijin ta farko a Ibadan, da shekarar 1962 da aka buɗe ta Kaduna, har zuwa kafa Hukumar Telebijin ta Nijeriya, watau NTA, a 1977, manufar hukuma ita ce labarai da shirye-shiryen ilimi su isa gidan kowane ɗan ƙasa. Amma har yanzu akwai magidanta da yawa, musamman mazauna bayan gari da ƙauyuka, waɗanda sukan kashe kuɗi su sayi akwatin telebijin da eriya da busta, a ƙarshe ba su sami hoton kirki ba. Mafi yawan wannan hasara ana iya kauce mata, domin tun kafin a je kasuwa mutum yana iya ƙiyasta ko hoto zai iso gidansa, da irin eriyar da ta dace da shi.

An ɗauki Tumfure misali a wannan bayani. Tumfure tana yamma da garin Gombe, a kan hanyar Bauchi, cikin Ƙaramar Hukumar Akko. Tun da Gombe ta zama babban birnin jiha a 1996 gidaje suke ta yaɗuwa a wannan yanki, waɗansu a kan tudu, waɗansu a gangare, waɗansu kuma a bakin kwaruruwan da zaizayar ƙasa ta haƙa. Abin da aka faɗa game da Tumfure ya shafi duk wani wuri mai tudu da kwari da itatuwa a ƙasar nan.

Yadda Saƙon Telebijin Yake Tafiya

Wanda ya saba da rediyo ya san cewa gajeren zango yakan kawo murya daga ƙasashe masu nisa, domin saƙon yana hawa sama, ya bugi wani sashe na sararin samaniya, ya dawo ƙasa. Saƙon telebijin bai bi wannan hanya ba. Tafiyarsa ta fi kama da ta hasken fitila: yakan tashi daga kan dogon ƙarfen tashar, ya miƙe sosai, duk abin da ya tare shi kuwa sai ya yi inuwa a bayansa. Gidan da ya faɗa cikin wannan inuwa shi ne gidan da hoto ba ya isa sosai.

Zango biyu ake amfani da su. Akwai VHF, wanda babban sashensa ya kama daga megahaz 174 zuwa 230, akwai kuma UHF, wanda ya fara daga megahaz 470. Tsawon igiyar saƙo a megahaz 200 mita ɗaya da rabi ne, a megahaz 600 kuwa rabin mita ne kawai. Igiya mai tsawo ta fi iya lanƙwasa ta bayan tudu, ta kuma fi ratsa ganye. Gajeruwa kuwa tudu da ganye sun fi cutar ta. Wannan ne ya sa eriyar VHF take da dogayen sanduna, ta UHF take da gajeru, kuma ɗaya ba ta yin aikin ɗaya yadda ya kamata.

Abu na Farko: Ina Tashar Take?

Wajibi ne maigida ya san wurin da dogon ƙarfen tashar yake, ba wurin da ofishinta yake ba, domin wani lokaci ba wuri ɗaya suke ba. Matambayi ba ya ɓata. A je gidan telebijin, na tarayya ko na jiha, a tambayi sashen injiniyoyi abu uku: inda ƙarfen yake, zangon da ake watsa shirye-shirye a kansa, da kuma ko sandunan eriya a kwance za su kasance ko a tsaye. Wanda ya kafa sanduna a tsaye alhali tashar a kwance take aikowa, ya zubar da mafi yawan saƙon tun daga kan rufi.

Game da nisa, injiniyoyi suna da lissafi mai sauƙi. In ƙarfen tasha ya kai mita 100, eriyar gida kuma tana mita 4 daga ƙasa, a shimfiɗaɗɗen fili saƙo yana iya kai kimanin kilomita 49 kafin lanƙwasar doron ƙasa ta tare shi. In aka ɗaga eriyar zuwa mita 9, nisan yakan kai kilomita 54. Ashe ke nan ga mazaunin Tumfure, wanda yake daf da gari, nisa ba shi ne abin damuwa ba. Abin da ke tsakaninsa da tashar shi ne abin dubawa.

Abu na Biyu: Tudu da Kwari

Garin Gombe yana zaune ne a cikin kwari, ƙasa tana gangarowa daga yamma, ga kuma duwatsu irin su Dutsen Liji ta gabas. Saboda haka gidaje biyu da ke unguwa ɗaya suna iya bambanta ƙwarai. Na kan tudu ya sami hoto tangaran da ƙaramar eriya, na gangare kuwa, wanda bai fi tafiyar minti biyar tsakaninsu ba, ya rasa.

Ga dalili. A ce tashar tana nisan kilomita 10, ƙarfenta mita 100 ne, ƙasar kuma daidai take. Layin da ya haɗa eriyar gida da kan ƙarfen ba ya hawa fiye da kimanin mita ɗaya a cikin kowane mita ɗari. Watau kusan a kwance saƙon yake zuwa, ba daga sama yake saukowa ba kamar yadda mutane da yawa suke zato. Don haka duk wani tudu ko bene ko itace na kusa wanda ya fi eriya tsawo ta fuskar tashar, lalle ya shiga gabanta.

Bugu da ƙari, saƙo ba ya wadatuwa da siririn layi kamar zare. Yana bukatar sarari kewaye da layin. A tafiyar kilomita 10 a kan megahaz 600, injiniyoyi suna son a tsakiyar hanya a sami rata ta kimanin mita 20 tsakanin layin da kan tudu. In tudun yana mita 100 daga gida, ratar da ake so kimanin mita 4 ce. Saboda haka hango kan ƙarfen tasha da kyar ta bisa tudu bai isa ba. Gwamma a ƙara tsawon sanda kaɗan.

Hanyar dubawa ba ta da wuya. Maigida ya hau wurin da yake nufin kafa eriya, ya fuskanci tashar. Da dare ya fi sauƙi, domin dogayen ƙarafa suna ɗauke da jar fitila saboda jiragen sama, sai dai a tabbata ba ƙarfen kamfanin waya ake kallo ba. Wanda ya iya karanta taswira yana iya neman mai nuna tudu da kwari a ofishin safiyo, ya ja layi daga gidansa zuwa tashar, ya duba tsawon ƙasar da layin ya ratsa. Wannan shi ne ainihin abin da kwamfuta take yi. Tun a 1968 waɗansu masana biyu a Amurka, Longley da Rice, suka tsara lissafin da ake bi har yau don ƙiyasta ƙarfin saƙo bisa tudu da kwari. Amma a sani, irin wannan lissafi ya fi sanin ƙasa, bai san mangwaron da ke bayan ɗaki ba.

Abu na Uku: Itatuwa

Ganye yana ɗauke da ruwa, ruwa kuwa yana shanye saƙo, musamman na UHF. Itace guda ɗaya a gefe ba ya hana kome, amma jerin itatuwa masu duhu a gaban eriya suna iya rage saƙo ƙwarai da gaske. Abin ya fi muni in ganyen ya jiƙe, ko iska tana kaɗa shi, domin a lokacin saƙon yakan riƙa hawa da sauka.

Ya kamata a san halin kowane itace. Kuka takan zubar da ganye da rani, ta cika da shi da damina. Gawo kuwa akasin haka yake yi, da damina yake tsiraicewa, da rani ya yi ganye. Mangwaro da darbejiya, wadda waɗansu ke kira dogon yaro, kusan duk shekara da ganyensu. Saboda haka wanda ya gwada eriya a watan Fabrairu ta bayan kuka, ya ga hoto garau, kada ya saki jiki sai ya ga abin da watan Agusta zai nuna. A tuna kuma itace girma yake yi. Darbejiyar da take ƙasa da rufi bana, nan da 'yan shekaru za ta wuce shi.

A nan akwai gargaɗi. Kada a sare itace saboda telebijin. Zaizayar ƙasa ta riga ta ci gidaje da hanyoyi a Gombe da kewaye, saiwar itatuwa kuwa tana cikin abin da ke riƙe ƙasa, shi ya sa Gwamnatin Jihar ta ƙaddamar da shirin dashen itatuwa a 2019. Sau da yawa matsar da eriya taku biyar ko goma zuwa wani gefen gida, inda akwai tsaga tsakanin itatuwa, ya isa magance matsalar.

Tsohon Tsari da Sabon Tsari

A tsohon tsari, in saƙo ya yi rauni hoto yakan yi yayyafi, ko mutum ya fito da inuwarsa a gefe, amma dai ana gani. Sabon tsari na dijital, wanda ƙasashe suka amince da shi a taron Janeba na 2006, aka kuma fara ƙaddamar da shi a Jos a 2016 ƙarƙashin Hukumar NBC, halinsa dabam ne. Muddin saƙo ya kai wani mizani, hoto garau yake. Da ya gaza kaɗan, sai hoton ya daskare, ya farfashe, ya ɓace gaba ɗaya. Don haka mai dikoda kada ya tsaya ga kyan hoto kurum. Ya buɗe shafin da ke nuna ƙarfin saƙo da ingancinsa, ya fi mai da hankali ga ingancin. In yana daf da iyaka a ranar da gari ya yi sarari, to ranar hadari hoto zai tafi.

Rukuni Uku na Gidaje

Bayan wannan bincike, maigida zai ga gidansa ya shiga ɗaya daga cikin rukuni uku. Na farko, gidan da ake hango ƙarfen tasha sarai. Wannan ƙaramar eriya a kan rufi ta ishe shi, ba ya bukatar busta. Na biyu, gidan da itatuwa ne kaɗai suka tare shi. Wannan yana bukatar a zaɓi wuri da kyau, a ɗaga sanda, a sa eriya mai sanduna da yawa, irin wadda masana biyu na Japan, Yagi da Uda, suka ƙirƙiro a 1926. Na uku, gidan da ke cikin kwari ko bayan tudu. Wannan sai an gwada da doguwar sanda, in kuwa bai yi ba, hanyar tauraron ɗan Adam ta fi masa, domin saƙonsa daga sama yake saukowa.

Gani ya kori ji. Kafin a biya kuɗi, a duba rufin maƙwabta, a ga inda eriyoyinsu suka fuskanta da tsawonsu, a tambaye su yadda hoto yake da damina. In da hali a ari eriya a gwada a wurare biyu ko uku, da rana da kuma dare. Kada a yi hukunci da gwajin asuba kaɗai, domin a waɗansu ranaku yanayin iska yakan kawo saƙo daga nesa, rana na ɗagawa ya ɓace.

Waya, Busta da Tsaron Rai

Wayar da ke saukowa daga eriya ita ma tana cin saƙo. A zangon UHF, waya mai tsawon mita 15 zuwa 20 tana iya cinye kusan rabinsa, raba shi ga akwati biyu kuma yakan rage fiye da rabi. A sayi waya mai kyau, a taƙaita tsawonta, a rufe mahaɗa kada ruwa ya shiga. Eriyar cikin ɗaki kuwa ba ta cika amfani a ƙarƙashin rufin kwano ba, domin ƙarfe yana mayar da saƙo baya. Busta ba ta ƙirƙirar saƙon da babu. Aikinta shi ne ta cike abin da doguwar waya za ta ci, shi ya sa ake ɗaura ta kusa da eriya.

Daga ƙarshe, rai ya fi hoto. Kada a kafa sanda a inda za ta taɓa wayar lantarki in ta faɗi. A ɗaure ta da wayoyi ta fuska uku saboda iskar farkon damina. A haɗa sandar ƙarfe da ƙasa ta hanyar waya mai kauri da turken ƙarfe saboda tsawa, a kuma cire wayar eriya daga akwati tun hadari bai iso ba. Kada kowa ya hau rufi ana cida ko walƙiya.

Ana roƙon masu unguwanni da malamai da duk wanda ya karanta wannan bayani ya sanar da maƙwabtansa waɗanda ba su sami karantawa ba. Mai bukatar ƙarin bayani ya tuntuɓi sashen injiniyoyi na gidan telebijin mafi kusa da shi.