Idon kyamara mai gani da magariba: wanne za ka saya?

A shirinmu na wannan makon, wani mai sauraro da ke fatauci tsakanin Garwa-Bulai da kasuwar Kilomita Biyar a Bangui ya aiko da tambaya. Ya gaji tsohuwar kyamarar fim daga mahaifinsa, irin wadda in ka leƙa tagarta kake ganin abu ya rabu biyu, sai ka murɗa har su haɗe, to a nan hoto ya zauna. Gilashin gabanta ya tsage. Yana son wani mai ɗauka ko da haske ya yi ƙasa, kuma kuɗinsa ba yawa. Ga taƙaitaccen abin da aka tattauna.

Da farko duba lambar da ke zagaye da bakin gilashin. Za ka ga an rubuta 1:2 ko 1:2.8 ko 1:3.5. Ka lura, nan lissafin a juye yake: ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Dalili kuwa, ana raba tsawon gilashin ne da faɗin ƙofar da haske ke shiga. Gilashi mai milimita 50 da ƙofarsa ta buɗe milimita 25, lambarsa 2. Mai lamba 2 yana shan haske ninki biyu na mai 2.8, ninki huɗu na mai 4. Kai da shanunka ba sa dawowa ruga sai rana ta yi ja, ko kai da rumfarka ke can cikin kasuwa ƙarƙashin kwano, wannan bambancin shi ne tsakanin hoto da baƙin dusu-dusu.

Amma fa kada a ruɗe ka da mai 1.4 ko 1.5. Tsada gare shi, sannan in ka buɗe shi duka, wurin da ke fita tas a hoton siriri ne ƙwarai. Bijimi na tsaye mita uku daga gare ka, abin da zai fito sarai bai kai kamu guda ba. Hanci ya fito, tozo da shaidar da ke cinya sun dushe. In hoton na shaidar dabbarka ne saboda ranar ɓata ko sata, ka ga an yi ba a yi ba ke nan. A ganinmu mai lamba 2 ya ishi kowa.

Mai araha a wannan aji shi ne Jupiter-8, milimita 50, lamba 2, ƙirar tsohuwar Tarayyar Sobiyet da aka kwaikwaya daga Sonnar na kamfanin Zeiss na Jamus. An yi shi da yawan gaske, shi ya sa har yau ba ya tsada. Sai dai akwai tarko: iri biyu ne. Akwai mai zaren murɗawa na milimita 39, wanda ke hawa Zorki da FED da tsofaffin Canon da Leica. Akwai kuma na kyamarar Kiev, wanda bakinsa daban ne sam. Saboda haka tafi da kyamararka wurin ciniki, a ɗaura a gabanka. In kuɗin ya ɗan fi haka, Canon mai lamba 1.8 na zaren murɗawa ya fi dacewa da kyamarar Japan, don na Sobiyet yakan ɗan kauce a kanta in abin da ake ɗauka yana kusa. Wani lokacin ma sayen kyamara sukutum ya fi sauƙi: Yashica Electro 35 da Canonet QL17 duk da gilashinsu mai 1.7 a manne suke zuwa. Ita Yashica ba ta aiki yadda ya kamata sai da batir, kuma irin nata na asali an daina yi, sai da ɗan maƙali.

Kafin ka miƙa sefa ko ɗaya, cire gilashin ka haska tocila ta bayansa. Ƙura kaɗan ba komai. Amma in ka ga zare-zare kamar saƙar gizo, funfuna ce, kuma laimar Bangui ita take so. Ajiye musu kayansu. Haka in ka ga hazo, ko maiƙo a ƴan faifan da ke tsuke ƙofar. Ka kuma tambayi inda za a wanke maka fim tukuna.

Tunda zancen hoto ake, mutanen Miskine sun san Samuel Fosso. An haife shi a Kumba ta Kamaru a 1962, ya tashi a Najeriya, yaƙin Biyafara ya rutsa da su, daga baya ya zo Bangui wurin kawunsa. A 1975, yana ɗan shekara 13, ya buɗe shagon hoto. Ragowar fim ɗin da ya yi wa masu zuwa aiki da shi yake ɗaukar kansa, ya aika wa kakarsa a Najeriya. Waɗannan hotunan ne suka kai sunansa duniya bayan baje kolin Bamako na 1994. A Fabrairun 2014, lokacin rikici, yana Faransa aka fasa gidansa a Miskine. Aka kwashe kyamarori, aka watsar da fina-finan a ƙasa. Wani ɗan jarida mai ɗaukar hoto, Jerome Delay, da wasu mutum biyu ne suka tsince su, kimanin 20,000.

Kai ma naka fim ɗin, in an wanke, karɓo shi tare da hotunan, kada ka bar shi a shago. Sa shi a ambulan, a cikin gwangwani mai murfi, nesa da laima. Gilashin kuwa kada ya kwana a jakar fata da damina, fito da shi ya sha iska.